Gidan Da Ake Tada Ƙafafu

Akwai wani bakanike da duk layin garejinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Yanzu-Yanzu ake ce masa. Ka kawo masa motar da ta shekara a kwance har kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, zai leƙa inji, ya goge hannu a wando, ya ce, “Yanzu-yanzu za ta tashi.”

Abin haushin, sau da yawa sai ta tashi ɗin. Shi ya sa kansa ya kumbura, ya ɗauka babu abin da zai lalace a duniyar nan ya gagari mai zafin nama.

Ƙaninsa ɗaya tak, Auta, mai fentin gidaje. Shi ya riƙe shi tun bayan rasuwar iyayensu, shi ya yi masa aure. Har ya zama magidanci mai 'ya'ya biyu, Auta bai taɓa ɗaga ido ya ce wa yayansa a'a ba.

Wata rana ana tsakiyar aiki tsani ya zame da Auta daga saman bene. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙashin bayansa ya karye, lakar ta taɓu. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsi. Ko allura aka soka masa a ƙafa, sai dai ya gani da ido.

Aka yi masa aiki a asibiti, aka sallame su, aka haɗa su da likitar gashi mai motsa gaɓoɓin majinyata, wata mata mai sanyin murya da ba ta gaggawa ko da a gaisuwa. Matar Auta, wadda har gobe Yanzu-Yanzu yake kira Amarya, ita ta koyi aikin a hannunta. Ta juya miji daga wannan gefe zuwa wancan, ta lanƙwasa gwiwa, ta miƙar, ta murza diddige, ta duba fata. Kullum haka, ba fashi.

Bayan watanni, wata safiya Amarya ta buga wa yayan mijinta waya tana kuka tana dariya.

“Yaya, ka zo! Ka zo ka gani da idonka!”

Ya bar mota a buɗe ya taho a guje. Ya tarar da likitar gashi a ɗakin, an yaye bargo daga ƙafafun Auta.

“Ina abin yake?”

“Ka duba babban yatsan hagu, Yaya,” in ji Auta. Ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yatsan ya ɗan sunkuya, ya koma. In ka ƙifta ido a lokacin, ya wuce ka.

Yanzu-Yanzu ya ja tsaki. “Wannan ne aka taso ni daga aiki? Wata da watanni, yatsa ɗaya? A haka sai ya yi furfura kafin a kai gwiwa.”

Likitar ta ce, “Motsin ƙarami ne, amma Auta da kansa ya aika saƙon, saƙon kuma ya isa. Ke nan akwai sauran hanya a lakar. Ban yi muku alkawarin tafiya ba. Amma duk abin da za mu samu, daga wannan yatsan za mu fara.” Ta ja bargon ta rufe. “Kuma ku riƙa tunawa, ƙafafun nan ba sa jin zafi, ba sa jin ciwo. Ku ne za ku ji musu. Ko ruwan wanka ne, ku fara sa hannunku.”

Tun daga ranar ya laƙaba mata Malama Sannu-Sannu. Kada ku ce mugu ne, jama'a. Son ƙaninsa yake yi kamar ransa, kuma duk ranar da ya ga Auta a keken guragu sai abinci ya ƙi wuce masa. Matsalarsa ɗaya ce, bai iya jira ba.

Ana haka wani direba da ya kawo gyara ya nuna masa bidiyo a waya. Dogon ɗaki, gadaje a jere, mutane a kwance an naɗe musu ƙafafu da farin ƙyalle. Wani mutum ya bi layin yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, sai ga ƙafafun da aka ce sun mutu suna zabura, suna harbin iska.

“Mai Ɗauri ke nan,” in ji direban. “Wanda asibiti ya sallama, shi yake tayarwa.”

Yanzu-Yanzu ya maimaita bidiyon har batir ya kusa mutuwa. A ransa ya ce, ai ni na san wannan. In mota ta yi tari, ta kusa tashi.

Amarya ta roƙe shi. “Yaya, don Allah mu fara tambayar likita.”

“Mu tambaye ta ta ce me? Sannu-sannu? Amarya, ni na goyi yaron nan kafin ki san da shi. Ki haɗa masa kaya.”

Ta juya ga mijinta. Auta ya dubi silin, ya ce a hankali, “Yadda Yaya ya ce.”

Gidan yana can ƙarshen gari, bayan shagunan masu sayar da katako, inda kwalta ta ƙare. Tsohon gidan burodi ne. Da tsakar rana suka isa, amma suna shiga sai da suka tsaya idonsu ya saba, domin an shafe tagogin da shuɗin fenti. Hayaƙin turare ya cika ko'ina, mai kauri, har yana ɗaci a maƙogwaro. A ƙarƙashin ƙamshin kuma akwai wani wari da hanci yake kamawa ya sake.

A zauren shiga, kekunan guragu ne jingine da bango, an ɗora wasu a kan wasu har kusa da rufi. Wasu da matashinsu a kai. Ɗaya ma da hular mai shi rataye a hannun turawa.

Wata murya ta ce daga bayansu, “Na waɗanda suka daina buƙatarsu ne.”

Mai Ɗauri ne. Dogo, siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, ba ya kallon fuskar mutum sai ƙafafunsa. Hannuwansa cikin safar hannu ta fata mai kauri har gwiwar hannu. Yanzu-Yanzu ya miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa.

“Abin da ke hannun nan na marasa lafiya ne,” in ji shi. “In ya taɓa mai lafiya, zai ji jiki.”

Ya faɗa musu dokokin gidan. Ba a buɗe ɗauri sai shi ya buɗe. Ba a kwana da majinyaci. Dangi suna zuwa ne lokacin tashin ƙafafu kawai, da yamma, su tsaya bayan igiyar da aka ja daga bango zuwa bango. Wanda ya tsallake igiya ya ɓata aikin ɗan'uwansa da hannunsa.

Suna fitowa Yanzu-Yanzu ya lura da bututun tsohon tanderun yana fitar da hayaƙi. Ya shaƙi iska, babu ƙamshin burodi. Ya ce a ransa ƙila magani ake dafawa, ya tada mota.

Washegari suka tsaya bayan igiya tare da sauran dangi. Ɗakin shiru. Mutum wajen goma sha a kwance, ba mai tari, ba mai hira, idanuwa kawai suke bin ka. Can ƙofar baya ta buɗe, Mai Ɗauri ya shigo yana tura baro an rufe shi da buhu. Ya tsaya a gadon farko ya ba dangi baya, ya cusa wani abu cikin ɗaurin, ya ƙara naɗewa, ya wuce na gaba.

Aka ɗan jima ba komai. Sai ƙafar gadon farko ta zabura. Ta biyu ta bi. Kafin ka ce me, duk layin ya ɗauka. Ƙafafu suna lanƙwashewa, suna harbi, gadajen ƙarfe suna kaɗawa kaf-kaf-kaf, alhali daga ƙirji zuwa sama masu ƙafafun suna kwance lamo suna kallon rufi.

Dangi suka ɗau salati da kuka. Ƙafar Auta ta hagu ta ɗaga sama da katifa, ta faɗi, ta sake ɗagawa.

“Ta tashi!” Yanzu-Yanzu ya yi ihu. “Amarya, kin gani? Ina Malama Sannu-Sannu ta zo ta ga aiki!”

Amarya ba ƙafar take kallo ba, fuskar mijinta take kallo. Fuskar ta yi jawur. Gumi yana tsiyaya daga goshinsa da wuyansa kamar an watsa masa ruwa.

Da aka ba su damar magana daga nesa, Auta ya ce, “Yaya, kaina kamar zai tsage.”

“Jini ne ya fara gudu. Ka daure.”

“Yaya...” Ya juyo da kai ya dube shi. “Ba ni nake motsa ta ba.”

“Ko wa yake motsa ta, ai tana motsi. Da can wa ya motsa ta?”

Haka aka yi ta yi, kwana da kwanaki. Kullum da yamma ƙafafu su yi rawarsu, dangi su koma gida da murna. Yanzu-Yanzu ya ɗauki bidiyo ya tura wa duk wanda ya sani. Amma turaren gidan kullum ƙara shi ake yi, kuma ƙudaje sun fara taruwa a jikin tagogin ta waje, baƙi ƙirin, suna neman hanyar shiga.

A mota Amarya ta ce, “Yaya, ya rame. Jikinsa da zazzaɓi, daga nesa ma ana gani. Na ce ya motsa min yatsan nan, ya ce ɗaurin ya rufe shi, bai san ko yana yi ba. Mu mai da shi gida.”

“Ke dai ba ki son ganin ci gaba. An kusa gamawa za ki ce a kashe inji?”

Ta juya fuska ga taga tana share hawaye da bakin mayafi.

Wata yamma ya zo shi kaɗai, Amarya ta tsaya da yaro ba lafiya. Ya iso da wuri, ya zauna a zauren kekuna. Akwai wata tsohuwa da kullum yake gani bayan igiya, ɗanta ne a gadon ƙarshe. Ranar ya same ta zaune a ƙasa, ta dafa wani keke mai koren matashi.

“Sannu, Baba. Yaya mai jiki?”

“Sun ce an sallame shi da safe,” in ji ta, ba ta ɗago ba. “Sun ce ya tafi da ƙafarsa.”

“Kai, alhamdu lillahi! To me kike yi a nan?”

“Na je gida, ba ya can.” Ta shafa matashin. “Ɗana, na daɗe ina zuwa gidan nan. Ina ganin masu shiga ta ƙofar nan. Kai ka taɓa ganin wanda ya fita ta cikinta?”

Yanzu-Yanzu ya ɗaga kai ya dubi kekunan da aka tara har rufi, ya ga hular nan tana nan inda take. Daidai nan aka buɗe ƙofar ɗaki, aka ce dangi su shigo.

Gadon ƙarshe an cire masa katifa, ƙarfe ne zalla.

Mai Ɗauri ya shigo da baronsa, ya bi layi kamar kullum. Ƙafafu suka fara. Ranar, ƙafar Auta ta yi harbin da ba ta taɓa yi ba, har ɗaurin ya kwance daga diddige. Wani ɗan ƙunshi ya faɗo, ya gangaro ta ƙarƙashin igiya, ya tsaya a gaban takalmin Yanzu-Yanzu. 'Yar jakar ƙyalle ce, cike da yashi.

Ya sunkuya ya ɗauka.

Ku tuna, hannun bakanike ne. Hannun da yake kama salansa mota ba ta gama hucewa ba. Amma kafin ma ya san me ya faru, hannun ya fizge da kansa, ya yi wurgi da jakar, gwiwar hannun ta lanƙwashe ta bugi ƙirjinsa. Sai bayan nan zafin ya iso masa. Tafin hannun ya tashi fari.

Ya tsaya yana kallon hannunsa. Bai ce masa ya motsa ba. Shi ya motsa da kansa, don gudun wuta.

Ya ɗago ya dubi layin gadajen. Ƙafafu suna lanƙwashewa suna ja da baya, daidai yadda hannunsa ya yi yanzu. Ya tuna safar hannun nan mai kauri. Ya tuna hayaƙin tanderu. Ya tuna muryar da ya yi ta yi wa dariya tana cewa, ku ne za ku ji musu.

Ashe duk yammacin da ya tsaya nan yana tafi, ƙafar ƙaninsa ƙonewa take yi, tana neman gudu, ba ta da bakin faɗa.

Ya tsallake igiyar.

“Kai! Za ka ɓata aiki!” Karo na farko da muryar Mai Ɗauri ta ɗaga.

Yanzu-Yanzu ya ture shi, ya kama ɗaurin ya shiga warwarewa. Yana kaiwa zagaye na ƙarshe warin da turare yake ɓoyewa ya bugi ɗakin. Ba zan kwatanta muku abin da ya gani ba, don wasunku suna cin abinci suke karatu. Ƙyallen dai ya manne da nama, kuma yatsun ƙafar hagu sun yi baƙi.

Auta, da ba ya iya hango ƙafarsa daga kwance, ya ce, “Yaya, lafiya? Me ka gani?”

Yanzu-Yanzu ya durƙushe a gaban gadon. Sai ya juya ga dangin da suka daskare bayan igiya, ya ɗaga ƙonannen hannunsa sama.

“Ku buɗe! Kowa ya buɗe na ɗan'uwansa! Wuta ce yake sa musu!”

Igiyar ta tsinke. Ɗakin da ba a taɓa jin tari a cikinsa ba ya kaure da kururuwa. Cikin wannan ruɗani Mai Ɗauri ya sulale ta ƙofar baya. Da hukuma ta zo, ta tarar da tanderu da sauran zafinsa, tulin yashi a ciki, da safar hannu guda biyu ajiye a bakin ƙofa. Ɗan tsohuwar nan kuwa, a wani ƙaramin ɗaki bayan tanderun aka same shi, an lulluɓe shi, rai ya yi halinsa.

Yanzu-Yanzu ya saɓi ƙaninsa a kafaɗa kamar lokacin yana yaro, ya sa shi a mota, sai asibiti.

Likitoci suka ce ciwon ya shiga jini, da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da sai dai wani labarin. Sun ceci ransa. Sun ceci ƙafar dama bayan doguwar jinya. Ta hagu kuwa, mai yatsan nan da yake amsa kira, dole aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Amarya ba ta ce masa komai ba. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ranar da likitar gashi ta shigo ɗakin, ya miƙe tsaye, ya kasa haɗa ido da ita.

“Likita, ni ne. Ni na kai shi.”

“Na sani,” in ji ta. “Wanke hannunka ka zo. Matarsa ta gaji, kuma akwai sauran ƙafa ɗaya.”

Ta koya masa yadda ake tallafe diddige da tafin hannu, yadda ake lanƙwasa gwiwa a hankali, a tsaya, a miƙar. In ya yi sauri ta ce, “Sake.” Sai ya sake.

Yanzu kullum kafin ya buɗe gareji sai ya biya gidan Auta. Shi yake sa hannu a ruwan wanka ya gwada. Shi yake duba fata, yatsa bayan yatsa. Ƙafar dama har yau ba ta amsa ba, likita ta ce mai yiwuwa ta amsa, mai yiwuwa kuma a'a. Auta dai ya koyi tashi zaune da kansa, yana hawa kekensa ba a ɗaga shi ba, har ya fara rubuta allunan shaguna daga zaune. A gareji kuwa, in ka tambayi yaushe mota za ta tashi, sai bakaniken ya ce, “Bari mu duba tukuna.”

Wata safiya yana cikin murza masa ƙafar dama, sai Auta ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Fuskarsa ta washe.

“Yaya, duba! Na motsa shi. Na hagun. Wallahi na ji saƙon ya tafi.”

Auta ya manta ne, na ɗan lokaci. Yanzu-Yanzu ya juya ya dubi gefen hagu, inda bargo ya kwanta shafe a kan katifa.

“Ka gani, Yaya?”

Ya ɗora hannunsa mai tabon ƙuna a wurin da babu komai. Hawaye suka ɗiga a kan bargon.

“Na gani, Auta,” in ji shi. “Wancan karon ne ban gani ba.”

Darasi: Ɗan ƙaramin sauƙi na gaskiya ya fi babban abin mamaki na ƙarya, kuma gaggawar mai jinya tana iya cinye abin da haƙuri ya fara ginawa. In ɗan'uwanka ya samu rauni a laka, kada ka kai shi inda ake hana ka gani, ake hana ka tambaya. Duk wani magani da aka kawo maka, ka fara nuna wa likitansa, kuma ka saurari majinyacin da mai kwana da shi, ko da kai ne babba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, wataƙila akwai wanda yake shirin ɗaukar nasa majinyacin gobe.